Tsakanin Ruwan Jiya da Ruwan Gobe

Muna so a wannan fitowa mu tsaya a kan wata gardama wadda ba ta ƙarewa a ƙofar masallatanmu, tun daga ƙarshen bazara har zuwa kaka.

Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarma bayan sallar Isha'i a nan Kara-Kara ya san yadda take farawa. Wani zai ce shekaranjiya da dare mai faɗin yanayi a talabijin ya nuna taswira ya ce za a yi ruwa a Damagaram, ga shi an wuni an kwana ko ɗigo babu. Wani ya karɓe ya ce ai wannan kaɗan ne, shi da kunnensa ya ji rediyo ta ce an sami ruwa mai yawa a Damagaram ran kaza, alhali kuwa a gidansa ko indararo bai zuba ba. Daga nan sai wani dattijo ya yanke hukunci, ya ce mutanen nan maƙaryata ne, kuma ma shisshigi suke yi cikin abin da Allah Ya keɓe wa kanSa. A yi dariya, a shafa fatiha, a watse. Kashegari kuma a sake kunna akwatin a saurari mutumin nan da aka ƙaryata jiya.

To, tuhuma biyu ce a cikin wannan hira, kuma babu marar nauyi a cikinsu. Jifan mutum da ƙarya ba abin wasa ba ne, jifansa da da'awar sanin gaibu kuwa ya fi, domin wannan ya taɓa imaninsa. Tun da yake muna furta su da bakinmu a ƙofar ɗakin Allah, ya kamata mu san ko muna da hujjar da za mu tsaya a kanta ranar da za a tambaye mu.

Mu fara da ta gaibu, don ita ta fi tsoratarwa. Dattijon nan ba daga son ransa ya ɗauko maganarsa ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙmana ta ambaci saukar da ruwa cikin abubuwa biyar waɗanda malamai suke kira mabuɗan gaibu. Kuma Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halid Aljuhani (R.A.) cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi sallar Asuba ya juyo ya sanar da sahabbai cewa bayi sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah, da wanda ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro, kuma wannan na biyun ya kafirce wa Ubangijinsa. Magana ce mai kaifi. Amma malamai ba su bar ta haka ba bayani. Imamu Shafi'i ya rarrabe tsakanin mutumin da ya ƙudurce cewa tauraron ne mai aikin saukar da ruwa, da mutumin da nufinsa kawai shi ne an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, kamar yadda za ka ce an yi ruwa a watan kaza. Na farko ya faɗa halaka, na biyu kuwa lissafin lokaci ya yi, ko da yake barin irin lafazin ya fi. Ba don wannan rarrabewa ba, da malamanmu na zaure ba su raya lissafin taurari ashirin da takwas ba, kowane da kwana goma sha uku, ɗaya da sha huɗu, wanda manoma suke zuwa tambaya a kansa kafin su taɓa iri. Kuma a cikin Muwaɗɗa ɗin nan dai, a babi guda da hadisin Hudaibiyya, Malik ya kawo wani labari da ya iso masa, mai nuna cewa girgijen da ya taso daga wajen teku ya karkata wajen Sham ruwa mai yawa gare shi. Ibnu Abdil Barri ya lissafa wannan cikin ƴan labarai huɗu na littafin da bai samo musu isnadi ba, saboda haka ba za mu kafa hukunci a kansa ba. Amma ajiye shi da Malik ya yi a wurin nan yana nuna cewa a wajensa duban alamar hadari daban, bautar tauraro daban.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya riga ya riƙe mabuɗin wannan mas'ala ko bai lura ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma littattafansa na aƙida suka cika ƙasar Hausa, ya karantar da cewa hukunci iri uku ne: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ka ga abu biyu suna zuwa tare sau da yawa har ka ƙulla tsakaninsu, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, tare da sanin cewa saɓawa tana yiwuwa, kuma ɗayan ba shi ne mahaliccin ɗayan ba. To, hasashen yanayi gaba ɗayansa a cikin wannan ɗaki yake zaune. An ga cewa in iska mai laima ta taso daga kudu maso yamma ta yi kauri, ƙasa ta yi zafi, iskar sama ta kaɗa ta wata fuska, galibi hadari yakan haɗu. An rubuta, an maimaita, an ƙirga. Tsohuwar da ta dubi gabas da la'asar ta ce a kwashe shanya, da injiniyan da ya dubi hoton tauraron ɗan'adam a Yamai, sana'arsu guda ce; shi dai idonsa ya fi nata nisa.

Har ma akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa, kuma masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa rangwamen ya haɗa da ruwan da yake zuba da wanda ake tsammani bisa alamu. Wato ke nan limamin da ya fito ya dubi sama ya ce wa ladan a haɗa, hasashe ya yi, kuma shari'a ta gina hukunci a kan hasashensa. In hadarin ya watse ba a yi ruwa ba, wasu malamai suka ce ya kamata a sake Isha'i a cikin lokacinta, amma ba wanda ya ce liman ya yi ƙarya, balle a ce ya yi da'awar gaibu. Abin da ya halatta ga liman a ƙofar masallaci, da wace hujja za mu haramta shi ga ma'aikacin Meteyo?

Saura tuhumar ƙarya, kuma a nan ne maganar take da rassa.

Malaman usulu sun jera sanin ɗan'adam hawa-hawa: yaƙini, sa'an nan zato mai rinjaye, sa'an nan shakka inda ɓangarorin biyu suka yi daidai, sa'an nan wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Masu ilmin yanayi sun zo da wannan tsani ɗin ne suka sa masa lamba. In suka ce yiwuwar ruwa kashi 70 ce cikin ɗari, ma'anarsa ita ce, cikin kowace rana goma da suka faɗi haka, ana sa ran ruwa a bakwai, a rasa a uku. Saboda haka ranar da ba a yi ruwa ba, ba ta isa shaida a kansu ba, tana iya zama ɗaya daga cikin ukun nan da suka riga suka faɗa. Mai irin wannan magana ba a kama shi da rana ɗaya. Sai an buɗe littafi, an tara kwanaki ɗari ko dubu, a ga shin bakwai ɗin nan bakwai ce ko kuwa huɗu ce. Tun 1950 wani masani a Amurka, Glenn Brier, ya tsara hanyar yi wa masu hasashe maki, wadda aka gina ta yadda mutum ba zai ci riba ba sai in ya faɗi daidai abin da yake zato a zuciyarsa, ba ƙari ba ragi. Ni dai ban san wata sana'a da ta ɗora wa kanta irin wannan hisabi na kullum ba. Da za a yi wa masu sharhin siyasa da masu maganin gargajiya na lasifika irinsa, da kasuwa ta yi shiru.

Kuma ya kamata a san cewa ruwan ƙasarmu yana cikin mafi wuyar hasashe a duniya duka. A Turai ruwa yakan zo cikin wani babban tsarin iska mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wanda ake hangowa tun yana kan teku da kwanaki. Namu ba haka yake ba. Mafi yawan ruwan daminarmu daga hadarin nan yake zuwa mai haɗuwa da yamma cikin ƴan sa'o'i, ya jeru, ya taso daga gabas ya nufi yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a awa, ƙura da iska a gaba, ruwa a baya. Hadarin da ya bar Gure yana iya iso mu cikin awa uku, yana kuma iya karkata ya zuba a Mirya ko ya bi ta kudu wajen Magarya ya bar mu da ƙura a ido. Daga 1990 masu bincike na Faransa da na Nijar sun kafa ma'aunan ruwa kusan ɗari a wani fili kusa da Yamai wanda bai wuce kilomita ɗari da ƴan kai a kowace fuska ba, suka tarar da cewa ƙauyuka biyu da ke tsakanin tafiyar wuni guda a ƙasa suna iya ƙare damina da bambancin ɗaruruwan milimita. Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa yake raba gonakinsa gabas da yamma. A 2018 kuma wasu masana a Karlsruhe ta ƙasar Jamus suka gwada manyan kwamfutocin hasashe na duniya a kan ruwan wannan yanki namu, suka ga cewa a hasashen ruwan gobe a wuri guda, da ƙyar suke fin mutumin da ya buɗe littafin shekarun baya kawai ya ce a irin wannan rana yawanci kaza ake yi. Su da kansu suka wallafa wannan. Tun 1963 ma Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon iskar yau yana ninkuwa yana ninkuwa har ya cinye hasashen baki ɗaya, shi ya sa ba mai iya faɗin yanayin wata rana takamaimai in ta wuce kimanin mako biyu, kome ƙarfin na'urarsa. Ashe ilmin da kansa ya auna iyakarsa ya faɗa.

To ina laifin yake, in akwai? Yana wurin da aka ɗauki zato aka sa masa rigar yaƙini. Masani a ofis ya rubuta "mai yiwuwa", mai karantawa a gaban kyamara ya ga kalmar tana rage masa kwarjini ya haɗiye ta. Ko kuma a zana girgije guda a kan jihar Damagaram duka, daga Tanut har iyakar Nijeriya, a bar mai kallo ya ɗauka unguwarsa ake nufi. Wannan kam tauye amana ne, ko da kowace kalma a cikinsa gaskiya ce. Akwai ma wanda ya fi shi dabara. A 2008 wasu masu bincike a Amurka sun bi diddigin wata babbar tashar talabijin ta yanayi ta ƙasar, suka gano cewa a ranakun da take cewa yiwuwar ruwa kashi 20 ce, ruwan bai sauka ba sai a kimanin kashi 5. Ba jahilci ba ne. An lura ne cewa mai kallo yana yafe ruwan da aka yi masa alkawari bai zo ba, amma ba ya yafe wanda ya jiƙa shi ba gargaɗi, sai aka riƙa ƙara gishiri don kare kai. Mai yin haka ya san abin da ke zuciyarsa, ya faɗi waninsa, kuma wannan shi ne haddin ƙarya ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Wani zai ce, to in ƙarin gishirin zai ceci rai fa? Tambaya ce ta gaske, kada a raina ta. A ƙarshen Janairu na 2015 an yi hasashen dusar ƙanƙara mai tsanani a birnin New York, aka rufe hanyoyi, aka tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, sai guguwar ta goce gabas ta sauke nauyinta a wajen Boston, New York ta sami kimanin santimita 25 kawai. Mutane suka yi ca. Shugaban hukumar yanayi ta ƙasar ya fito ya amsa cewa inda suka gaza shi ne ba su bayyana wa jama'a girman shakkar da ke cikin hasashen ba. A ganina amsar ke nan. Rufe gari saboda hatsarin da ake zato ba laifi ba ne, kamar yadda haɗa salla ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɓoye wa mutane cewa zato ne. Wanda ka tsorata da yaƙinin ƙarya sau biyu, ran na uku ba zai tashi ba, kuma wataƙila ran nan ne ruwan zai zo da gaske.

A nan kuma dole mu juyo da yatsa wajenmu, mu masu zaman tabarma. Mu ne muke tuna ranar da aka kuskure mu manta goman da aka dace. Mu ne in mutum ya ce "Allahu a'alamu, amma zatona kaza" sai mu ce bai san aikinsa ba, in wani ya buga ƙirji ya yanke sai mu ce wannan shi ne gwani. Jama'ar da take hukunta mai faɗin shakkarsa, ita take koya wa masananta ƙarya. Haka muke yi wa likita, haka muke yi wa malamin fatawa, alhali an san Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da kome ba a wurin almajiransa.

Duk wannan a kan ruwan gobe ne. Ruwan jiya kuwa hukuncinsa daban, kuma shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Abin da ya riga ya sauka ya fita daga gaibu ya zama shaida. Mai awonsa ba shi da uzurin da mai hasashe yake da shi.

Milimita ɗaya ta ruwa, ya ɗan'uwa, ita ce lita ɗaya a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, wato lita 10,000 a kan eka guda irin tamu ta hekta. Damagaram takan sami kimanin milimita 400 a shekara, mafi yawanta a Yuli da Agusta, kuma a kan wannan ƴar lamba gero da wake da gujiya da ran dabbobi suke rataye. A 1988 wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, mai suna Sivakumar, ya tsara ƙa'idar da ma'aikatan gona suka daɗe suna aiki da ita: ana cewa damina ta kama in an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo. To a ce mai awo a wani gari ya makara, rana ta shanye rabin abin da ke cikin ma'auni, ko bai je ba sam ya zauna a gida ya ƙiyasta, ko ya ga 12 ya ce bari in cika ta 20 don garinmu ya fito a rediyo. Wani talaka ya ji, ya ɗauki ƴar tiyar irin da ya hana ƴaƴansa ci tun rani ya zuba a ƙasa, ta tsiro ta ƙone. Wa ya ci wannan iri? Suratul Muɗaffifina ta yi narko a kan masu tauye mudu da sikeli, kuma mun saba fassara ta a kan ɗan kasuwar da ke danna gindin tiya. Amma ma'aunin ruwa ma mudu ne, kuma wanda ake tauyewa da shi bai ma san an auna masa ba.

Jarrabawar tana zuwa ta fuska biyu. Akwai mai ƙarawa don ya faranta wa na sama da shi, a ce yankinsa lafiya lau. Akwai mai ragewa don a sa garinsu cikin waɗanda suka yi gibi a kawo musu taimako, yana ganin ma alheri ya yi, ya manta cewa buhun da ya jawo wa garinsu daga bakin wani gari aka ɗauke shi wanda ya fi su yunwa, ya kuma faɗi gaskiya. Ƙasar nan ta san abin da lambobin damina suke iya jawowa. Bayan farin 1973, ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kountche suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da sha'anin yunwa da kayan taimako yana cikin manyan dalilan da suka bayar. A wannan shekara ta 1974 ce aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, domin ƙasashen Sahel su daina tafiya a makance. Kuma da ba don wasu bayin Allah da ba a san sunayensu ba sun riƙa fita kowace safiya, tun zamanin Faransawa, suna duba ma'auni a Damagaram da Maraɗi da Tawa suna rubutawa ba, da ba wanda zai iya tabbatar da cewa ruwan Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari in an gwada da na shekarun 1950 da 1960. Da sai dai a ce tsofaffi ne ke yabon zamaninsu.

Dubi yadda waɗansu suke ɗaukar abin. Mu ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, ko da yake takan sauka jefi-jefi a bakin Sahara ta arewa, kamar yadda aka gani a garin Ain Sefra na Aljeriya a 1979 da 2016 da 2018. Awonta ya fi na ruwa wuya nesa ba kusa ba, don iska tana kwashe ta daga nan ta tara can kamar rairayi, tana danƙarewa, tana narkewa, har sai an ajiye wani allo a fili ana auna abin da ya taru a kai ana sharewa a kan ƙa'ida. Kuma galibi santimita goma nata in ta narke ba ta wuce santimita ɗaya na ruwa ba. A Janairu na 2016 an ba da sanarwar cewa abin da ya sauka a babban lambun tsakiyar New York ya kai kimanin santimita 68. Bayan wata uku hukuma ta sake bin takardun, ta gano an yi kuskure wajen isar da lambar, ta fito fili ta gyara zuwa kusan 70. Saboda abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, na dusar da ta riga ta narke tun tuni. Ba mu ce su waliyyai ba ne, amma a wannan sun riƙe abin da mu aka fara yi wa wasiyya da shi.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Ma'aunin kogin Nilu da ke tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda aka gina a 861 zamanin Halifa Mutawakkil, yana nan tsaye har yau: rijiya ce da ginshiƙi mai zane a tsakiya, kuma da shi ake sanin ko shekara ta yi, in ruwa ya kai zira'i 16, a kansa kuma ake yanka haraji. Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya ba da labarin cewa sarkin Faɗimiyawa Mu'izzu ya hana a riƙa shelar awon a titi kullum, sai dai a rubuto masa, har ruwa ya cika zira'i 16, domin in mutane suka ji kogi ya tsaya sai masu hali su ɓoye hatsi farashi ya tashi. Maƙrizi ya yaba wannan siyasa, kuma wanda ya ga yadda tiyar gero take tashi a kasuwar Dole da zarar an yi kwana goma ba ruwa zai gane dalilinsa. Duk da haka ni ban natsu da ita ba. Lura dai, ko shi Mu'izzu bai ce a canza lambar ba, jinkirta faɗinta ya yi. Sa'an nan labarin da aka ɓoye ba ya ɓoyuwa ga kowa daidai: attajiri yana da ɗan'uwa a ofis, yana da waya, yana da mota da zai aika ƙauye a dubo masa. Wanda ake bari a duhu shi ne mai sayen tiya ɗaya kullum.

Shekarar 2024 ta ba mu darasi ta ɗaya gefen. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin damina, tare da AGRHYMET da cibiyar ACMAD wadda ita ma mazauninta Yamai, su fitar da hasashen damina gaba ɗayanta, ba na rana ɗaya ba. Irin wannan ya fi na gobe kama ƙasa ta wata fuska, don yana dogara da zafin ruwan teku wanda ba ya saurin canzawa. A watan Afrilu na 2024 sun ce ana zaton ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel, tare da hatsarin ambaliya. Haka kuwa aka yi. Kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, wanda kakanninmu suka yi sujada a cikinsa tun zamanin da Damagaram take cin gashin kanta, ya zube. Inna lillahi. Ba mu ɗora wa kowa laifin wannan ba, ginin ƙasa da marka tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Amma an faɗa mana tun watanni huɗu kafin nan, kuma mu tambayi kanmu mutum nawa a cikinmu suka sake yaɓe, suka gyara indararo, suka yashe magudanar ƙofar gida saboda abin da suka ji. Wanda ya saba cewa maƙaryata ne, ran da suka yi gaskiya ma ba ya ji. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kuwa ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, saboda haka ba abin da za a ce ya wuce ba ne. Annabi Yusufu (A.S.) da ya san abin da ke tafe, ba zama ya yi ba, rumbu ya sa aka gina.

Mu koma ga mutumin nan da ya ce rediyo ta faɗi ruwa alhali indararonsa bai zuba ba. Shi ma gaskiya ya faɗa, rediyo ma gaskiya ta faɗa. Abin da ake kira ruwan Damagaram a sanarwa shi ne abin da ya faɗa cikin bakin wani ma'auni guda wanda bai fi faifai faɗi ba, a inda aka kafa shi, kamar tashar filin jirgin sama. Ba a ce na kowace unguwa ba ne. Kara-Kara kuwa, unguwar da aka kafa tun asali domin masu fama da kuturta da waɗanda gari ya ture gefe, ta saba da a ƙirga gari ba a ƙirga da ita ba. Ruwan da ya rusa ɗakin gwauruwa a nan, in bai bi ta kan ma'aunin hukuma ba, a takarda ba a yi shi ba.

Wannan kuwa yana da magani mai araha, kuma masallaci ya fi kowa cancantar ɗaukarsa, tun da yake a nan ne ake da mutumin da ba ya makara. Ladan ya riga ya zama amintaccen unguwa a kan lokaci; a manyan masallatan Alƙahira da Dimashƙa a da har ma'aikaci na musamman ake ajiyewa don lissafin lokutan salla. Abin da ake bukata shi ne ma'auni irin na roba mai zane wanda ma'aikatan gona suke rabawa, in ba a samu ba gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, da ƴar rula ta ƴan makaranta. A kafa shi a kan turke a fili, bakinsa a daidaice, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, inda awaki da yara ba za su kai ba. A duba shi kowace safiya a lokaci guda, bayan an fito daga Asuba gari ya waye, kafin rana ta fara sha, a rubuta kwanan wata da milimita, a zubar. A gefe guda na shafin kuma a rubuta abin da talabijin ta ce daren jiya, da lafazinta, don in kaka ta yi a zauna a ƙirga a ga sau nawa ta dace.

Sharaɗi guda ne mai wuya a ciki, kuma a kansa littattafan awo da yawa suka lalace. Ranar da ba a yi ruwa ba, sai an fita an duba an rubuta sifiri. Ranar da ladan ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo ba wanda ya duba, a ja layi a bar gurbin fanko, kada a cika shi daga baya da abin da maƙwabta suka ce.